Shayin rage ƙiba ya kama min ciki, mai sayar min kuma ƙanwar mijina ce

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kaduna, shekaruna 35, 'ya'yana huɗu. Tun da na haifi autana shekara biyu da suka wuce jikina ya buɗe, tumbi ya ƙi komawa, har na kai kilo 94. Maigidana ba mai faɗa ba ne, amma yana yawan tsokanata a gaban yara, wai ni kaɗai na cika kujerar mutum biyu. Nakan yi dariya, in na shiga ɗaki kuma in yi kuka. Ƙanwarsa tana sayar da maganin rage ƙiba a WhatsApp, shayi na dare da kafso na safe. Ta ce min zallan ganye ne, yana wanke hanji ya kashe ƙwayoyin da ke sa ƙiba. Wata huɗu ke nan ina sha. A watan farko na sauke kilo biyar, daga nan sikeli ya tsaya. Yanzu kullum da asuba murɗar ciki da gudawa ke tashina, ranar da ban sha shayin ba kuma bayan gida ba ya fita ko kaɗan. Bakina na bushewa, abinci ba ya min daɗi, barci ya yi ƙaranci, wani lokacin ina zaune zuciyata ta kama bugawa da sauri. Ina shan maganin hawan jini tun cikin autan. Da na gaya mata sai ta ce datti ne ke fita, in ƙara haƙuri, in ma ninka shayin. Ina tsoron in daina ƙiba ta dawo, ina kuma tsoron ta ce na ɓata mata kasuwa magana ta kai gaban surukata. Shin da gaske maganin yana gyara ƙwayoyin hanji? In ci gaba ko in daina?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne kukan nan da kike yi ke kaɗai a ɗaki, kuma za mu zo kansa. Amma akwai abin da ba ya jira, da shi zan fara.

Kafson safen nan ki ajiye shi daga yau, kada ki ƙara haɗiyar ko ɗaya. Bushewar baki, ɗaukewar sha'awar abinci, rashin barci da bugun zuciya da sauri ba alamar fitar datti ba ne. Alamu ne da likitoci suka sani sarai a jikin masu shan wani magani da ake kira sibutramine. Maganin asibiti ne na rage ƙiba da aka yi shekaru ana bayarwa, har zuwa 2010 da Tarayyar Turai da Amurka suka janye shi daga kasuwa, bayan wani babban bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya da jijiyoyin jini. An kwashe shi daga kantunan magani, sai ya koma ta bayan gida. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama shi a ɓoye cikin kafso da shayi da kofi na rage ƙiba waɗanda aka rubuta wa ganye zalla a jikin kwali. Wasu kuma kafeyin ake danƙara musu, wasu a zuba musu maganin sa fitsari. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya tantance abin da ke cikin naki, amma ko wanne ne daga cikin waɗannan, bai dace da mace mai hawan jini ba, kuma jikinki ya riga ya gaya miki haka.

Shayin dare kuwa labarinsa a fili yake. Duk shayin da za a sha bayan isha'i ya tashi mutum da murɗar ciki da asuba, galibi filasko ne a ciki ko wani danginsa. Ki duba kwalin, in an yi gaskiya wajen rubutu za ki ga kalmar senna ko cassia. Sinadarin filasko yana wuce ciki da ƙaramin hanji bai yi komai ba, sai ya isa babban hanji, a can ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune suke sarrafa shi ya zama mai aiki. Shi ya sa yake ɗaukar awa shida zuwa goma sha biyu kafin ya motsa. Idan ya motsa sai ya sa hanji ya riƙa matsewa da ƙarfi, ya kuma hana shi tsotse ruwan da ya saba mayar wa jiki. To ki lura da wannan da kyau: maiƙo da sukari da duk abin da ke sa ƙiba a cikin abincin da kika ci, a ƙaramin hanji jiki yake kwashe su, tun kafin a iso inda filasko ke aiki. Abin da ke fita da asuba ruwa ne da gishirin jiki da ragowar abinci. Kitse ba ya bin wannan hanya. Kilo biyar ɗin da kika gani a watan farko, kaso mai yawa ruwa ne da abin da ke cikin hanji, saura kuma daga rashin cin abincin da kafson ya jawo. Da ruwan da za a iya matsewa ya ƙare, sikeli ya tsaya. Ninka shayin ba zai motsa shi ba, sai dai ya ƙara ƙafar da ke.

Kada ki ɗauka raina maganin gargajiya nake yi. Filasko magani ne na gaske, iyayenmu sun san shi, kuma har gobe ana sayar da ƙwayarsa a kantin magani don taurin bayan gida. Sai dai a can an auna abin da ke cikin kowace ƙwaya, an kuma gargaɗi mai sha kada ya wuce mako ɗaya ba tare da izinin likita ba. Ke wata huɗu kika yi, kowane dare, da ma'aunin da babu wanda ya san yawansa. Gudawa mai tsawo irin wannan tana zubar da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya da tsokoki ke dogara da shi wajen aiki. In ya yi ƙasa sai kasala, ɗaurewar jijiya, da zuciya mai bugawa ba bisa tsari ba. Da yawa daga magungunan hawan jini da ake bayarwa a nan suna ɗauke da mai sa fitsari, shi ma yana zubar da fotasiyam ɗin. Idan naki yana cikinsu, ta ƙofa biyu kike asara. Ƙoda ma ba ta son a daɗe ana ƙafar da jiki.

Yanzu ga tambayarki kan ƙwayoyin hanji, kuma na ji daɗi da kika yi ta, domin a nan ake yi wa mata da yawa dabara. A jikin babban mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa ƙiyasin da wasu masana suka fitar a 2016, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu gaba ɗaya bai wuce giram 200 ba. Mafi yawansu masu yi mana aiki ne. Su ke narkar da harza, wato ɓangaren abincin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, su mayar da ita wasu sinadarai da bangon hanji ke ci ya yi ƙarfi. Suna samar da bitamin K da wasu daga rukunin B, suna tare wa ƙwayoyin cuta wurin zama, suna kuma da hannu wajen horar da garkuwar jiki. Ki ɗauke su kamar garken da kike kiwo a ciki: abin da kika zuba musu shi ke yanke wanda zai yaɗu da wanda zai ƙare.

Maganar cewa suna da alaƙa da ƙiba ba ƙarya ba ce, tana da tushe. A 2013, masu bincike a ƙarƙashin Farfesa Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun samo tagwaye mata waɗanda ɗaya ke da ƙiba ɗaya siririya, suka ɗebi ƙwayoyin hanjinsu suka dasa wa ɓerayen da aka raina ba su da ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ɓerayen da suka karɓi na mai ƙiba sun fi tara kitse. Daga irin wannan bincike ne masu talla suka tsinci kalmar da suke yawo da ita. Amma akwai ƙarshen labarin da ba sa faɗa. Da aka haɗa ɓerayen a keji ɗaya, ƙwayoyin siririyar sun shiga cikin ɗayan ɓeran sun kare shi daga ƙiba, sai dai hakan ya faru ne idan ana ba su abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin kitse. Da aka juya abincin zuwa mai maiƙo da ƙarancin ganye, kariyar ta tafi. Ko a ɓera ke nan abinci ne ya yanke hukunci. Babu wata ƙwaya guda ta ƙiba da shayi zai shiga ya tsame ya bar sauran. Gudawa ba ta zaɓe, da mai amfani da marar amfani duk take kwashewa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan mutanen da aka ba maganin wanke hanji irin na asibiti, wanda ake sha kafin a leƙa hanji da na'ura, ya nuna yawan ƙwayoyin ya ragu har ninki 31 bayan wankin. Abin farin ciki a ciki shi ne cikin mako biyu sun farfaɗo. Wancan wanki ɗaya ne, naki kuwa na kowace safiya ne, don haka ba a ba su sararin farfaɗowa ba. Idan kika ba su, za su dawo.

Akwai tsirrai da aka nuna suna sauya ƙwayoyin hanji, irin su ganyen shayi kore da wani sinadari mai ɗaci da ake kira berberine da likitancin gargajiyar Sin ke amfani da shi. Sai dai yawancin sakamakon da ke burge mutane a jikin ɓeraye aka same shi, kuma sauyin ƙwayoyi a cikin bahaya daban, raguwar kitse a jikin mutum daban. A 2020 masana daga Jami'ar Sydney ta Ostireliya sun tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi wa mutane kan magungunan ganye na rage ƙiba. A cikin tsirran da suka iya haɗa sakamakonsu, sinadarin wani farin wake da ake kira white kidney bean, wanda ba irin waken da muka saba ci ba ne, shi kawai ya nuna bambanci da ƙwayar da ba ta da magani a ciki, shi ma bai kai kilo biyu da rabi da suka ɗauka a matsayin raguwa mai amfani ga lafiya ba. Ta ɓangaren illa kuwa tarihi ya ishe mu. A farkon shekarun 1990, a wani wurin rage ƙiba a birnin Brussels na Beljiyam, an musanya wani ganyen Sin da wani mai guba a cikin haɗin da ake ba mata. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya sankarar hanyar fitsari ta bayyana a jikinsu. Shi kansa shayi kore da ba shi da matsala a kofi, idan aka tace sinadarinsa aka dunƙule a kafso yana iya taɓa hanta. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ja hankali a kan haka a 2018. Ina kawo miki waɗannan ne don kalmar "ganye ne ai" ta daina kwantar miki da hankali. Garin gyaran gira ba a yarda a rasa ido.

Wataƙila za a ce miki yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya. Ki duba da idonki. Lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya a matakin farko tana ɗauke da harafin L, ta shekara biyu ce, kuma ma'anarta an duba samfurin da aka kai ba a ga abin cutarwa ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana yin abin da aka ce yana yi, shi ya sa ake wajabta rubuta a kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ana kuma buga lambar bogi. Hukumar tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook inda ake duba lamba da sunan kaya. In kuwa a farar roba ko leda aka ba ki, babu suna babu adireshin mai yi, to magana ta ƙare.

Ga abin da nake so ki yi a wannan makon, ba bayan biki ko bayan albashi ba. Ki ɗauki shayin da kafson da kwalinsu, haɗe da maganin hawan jininki, ki je asibitin da kike karɓar magani, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Ki gaya wa likita komai ba ɓoye-ɓoye: tsawon lokacin da kika yi kina sha, sau nawa kike zagayawa, da yadda zuciyar ke yi. Mata da yawa sukan ji kunyar faɗin sun sha na gargajiya don tsoron faɗa, sai likita ya yi ta neman ciwo a inda babu shi. Ki nemi a auna jininki, a gwada gishirin jiki musamman fotasiyam, a duba aikin ƙoda da hanta da sukari, a kuma yi gwajin bugun zuciya. Tunda ƙibar bayan haihuwa ta taso, ki tambaya ko akwai buƙatar gwajin tayirod, wato wata gaɓa a gaban wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, kuma in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki faɗa, domin tana ƙara wa wasu mata nauyi, akwai kuma wasu hanyoyin da za a iya sauya miki. In ƙwaya kike sha ta tazara, ki sani gudawa mai tsanani tana iya rage mata ƙarfi. Kafin ki samu ganin likita, duk ranar da kika yi gudawa ki sha ruwan gishiri da sukari na sacet ɗin da ake ba yara. Idan kuwa kika ga jini a bayan gida, ko idonki ya yi ɗorawa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri ya nemi kayar da ke, kada ki jira gari ya waye, sashen gaggawa za ki nufa.

Shayin shi ma rabuwa za ki yi da shi, kada ki ninka ko da wasa, amma likita zai iya tsara miki yadda za ki janye a hankali, ya ba ki wani mai laushi na ɗan lokaci da zai riƙe ki. Ina so in shirya ki tun yanzu ga abin da zai biyo baya, don a nan ne mata ke karaya su koma. Za ki iya yin kwana biyu ko uku ba ki zagaya ba, saboda hanjin da aka saba kwashewa ƙarƙaf yana buƙatar lokaci ya cika ya kuma tuna aikinsa. Ciki zai iya kumbura, ƙafa ta ɗan tasa, sikeli ya hau da kilo biyu ko uku. Wannan ruwa ne, jikin da aka daɗe ana ƙafarwa ne yake riƙe duk abin da ya samu, kuma yakan sake shi cikin 'yan makonni. Kitse ba ya taruwa da wannan saurin. In za ki ji shawarata, ki ba maƙwabciya ajiyar sikelin na wata ɗaya.

Gyaran ƙwayoyin hanjin da aka yi miki alkawari a shayi, a tukunyarki yake. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya sun kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen shi ne gero da dawa da wake da ganye, irin namu sak. An samu ƙwayoyin hanjinsu sun fi yawan iri, sun fi ƙwarewa wajen narkar da harza, kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a cikinsu. Abin da muke ta gudu ke nan muna komawa farar shinkafa da burodi da taliya da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. A Kaduna wannan ba abin wahala ba ne. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba, miyar kuka, kuɓewa, karkashi, taushe da kabewa, kwaɗon zogale ko rama, dambu mai yawan ganye, fate, wake da alayyahu, alale, gurjiya, acca da ake kawowa daga kudancin jihar, ga yalo da gurji da gwaiba da aya na taunawa tsakanin abinci. Duk suna nan daga Kasuwar Barci har ta Kawo. Ki shigo da su sannu-sannu, musamman wake, don cikin da ya wahala zai yi iska in aka cika masa lokaci guda, ki kuma yawaita ruwa, domin harza babu ruwa taurin ciki take ƙarawa. Kindirmo da nono suna da amfani. Wani gwaji a Jami'ar Stanford a 2021 ya nuna mutanen da suka yi mako goma suna cin abincin da aka tsima irin yogot sun samu ƙarin ire-iren ƙwayoyin hanji. Sharaɗin dai ya zama daga madarar da aka tafasa aka yi shi, kuma kada a kashe shi da sukari. Citta da zoɓo ki sha abinki don daɗi ba tare da sukari ba, amma ki sanar da likita game da zoɓon, yana ɗan sauke jini.

Wajen rage nauyi, inda za ki fi samun riba da wuri shi ne abin sha. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar abin da ake son babba ya sha a yini guda. Ki haɗa da na shayin safe da na kunu da na fura, za ki ga inda kilo ke shigowa. Malmalar tuwo ta ragu, miya da ganye su ƙaru, man miya a auna shi da cokali maimakon a tuttula, abincin dare kuma a ci da wuri. Wannan ai shi ne koyarwar da muka taso da ita ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Bayan likita ya duba zuciyarki ya ba ki izini, ki fara tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar a mako, ko a Dandalin Murtala inda mata ke zuwa da safe, ko ki raka yara makaranta da ƙafa ki dawo. Rabin kilo a mako shi ne tafiyar da ke ɗorewa. Kuma ba sai kin koma jikin 'yanmatanci ba: a nauyinki, kilo biyar zuwa tara na gaskiya sun isa su taimaka wa hawan jininki su kuma nisanta ki da ciwon sukari. Tumbin kuwa, bayan ciki huɗu ba lallai duka kitse ba ne. Tsokar gaban ciki takan rabu a tsakiya lokacin goyon ciki, wani lokacin ba ta haɗewa da kanta, sai ciki ya turo. Wannan aikin sashen gashin ƙashi da motsa jiki ne a asibiti, suna da atisayen da suke koyarwa.

Mu dawo kan maigida. Daga yadda kika kwatanta shi ban ga mugu ba, na ga mutumin da yake jefa magana yana ganin kin yi dariya, sai ya ɗauka wasan ya karɓu. Bai san kukan ba, bai kuma san kina haɗiyar abin da ke girgiza miki zuciya saboda maganarsa ba, kuma haƙƙinsa ne ya sani kamar yadda haƙƙinki ne ya daina. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba a cikin fushi ba, ki ce masa: "Abban yara, maganar kujerar nan tana min ciwo, musamman a gaban yara. Ita ta sa na fara shan maganin da yanzu yake neman kwantar da ni. Ina so ka raka ni asibiti." Ki bar shi ya ji bayanin daga bakin likita. Jikin nan da yake tsokana shi ya ɗauki 'ya'yansa huɗu, kuma yaran suna ji. Abin da uba ya mayar abin dariya shi 'ya'ya mata ke girma suna tsoro a jikinsu. Sannan cefane a hannunsa yake, in ya shigo cikin tafiyar rabin aikin ya sauƙaƙa. Idan kin faɗa ya ci gaba, ki maimaita a fili ba tare da dariyar rufe ciwo ba, in ta kama ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Ita kuma ƙanwarsa, mafi kusa da gaskiya ba ta san abin da ke cikin kayan ba. Sari take yi, abin da wanda ya sayar mata ya faɗa shi take maimaitawa, kuma neman na kanta take a lokacin da kowa ke ji a jikinsa. Wannan uzuri ne gare ta a kan niyya, amma cewa mai hawan jini ta ninka magani kuskure ne babba, kuma akwai wasu matan da take gaya wa haka. Ba sai kin yi shela a dandalin dangi na WhatsApp ba. Bayan kin dawo daga asibiti ki kira ta gefe, ko ki bar yayanta ya yi, a ce mata likita ya hana ki saboda jininki, ga kuma abin da gwaji ya nuna. Kalmar "likita ya hana" tana rufe baki da yawa, har gaban Hajiya, domin babu uwar da za ta so a ce matar ɗanta ta faɗi a kan maganin 'yarta. Ki nuna mata cewa ita ma kariya kike nema mata, don ranar da wata ta kwanta a kan kayan nan, wanda ya yi sarin ba za a gan shi ba, ita za a nuna. Ta nemi cikakken bayanin abin da ke ciki daga inda take saye, in an kasa ba ta, ta juya jarinta zuwa wani abin. Illar da kika gani kuma a kai rahotonta ga NAFDAC, ta hannun likita ko mai harhaɗa magunguna, ko ta manhajar Med Safety a waya. Sunan kayan ake buƙata da abin da ya yi miki.

Idan kika yi wata shida a kan wannan tsari nauyin bai motsa ba, ki koma wurin likita ki nemi a haɗa ki da masanin abinci na asibiti, a kuma tattauna magungunan rage ƙiba da aka gwada aka san ma'auninsu da illarsu. Akwai allurar mako-mako ta semaglutide da ake ta magana a kai, tana aiki, amma tana da tsada, tana da nata sharuɗɗa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunta na yawo a kasuwa, don haka ita ma ba a hannun 'yan talla ake karɓarta ba. Kafin nan ki samu tef ɗin tela, ki riƙa auna ƙugunki daidai saman cibiya sau ɗaya a wata kina rubutawa a bayan katin asibitinki tare da awon jininki. Abin da ake nema shi ne ƙugu ya sauko zuwa ƙasa da rabin tsawonki, kuma sau da yawa tef yakan nuna canji makonni kafin sikeli ya nuna.